Tauraron Hakim da Hantsakin Kakanka

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga Hindawiyya, Jidda, zuwa ga ɗana Babangida.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da kyau, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ko a cikin mota ka buɗe ta ko bayan ka sauka a Ɗa'ifa. Allah ya tsare ku a hawan dutsen nan, kai da direba da duk wanda ke cikin motar.

Ƙanwarka Safiya ce take rubutawa, ni nake faɗa, don ka san idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙe yanzu. Ta ce mu yi da Larabci tunda shi aka koya mata a makaranta, kuma shi ka fi saurin karantawa. Na ce a'a. Abin da zan gaya maka ba zai fito daga bakina da Larabci ba. Ka bi shi a hankali, inda ka kasa ka sake komawa.

Shekaranjiya bayan la'asar ina zaune a bayan taga, kai kana kan dakali da abokanka. Na ji kana gaya musu cewa ranar da za a kira ku, ku sababbin ɗaliban aikin likita, ɗaya bayan ɗaya gaban babban likitan soja, za ka fito da tauraron tagullan nan na gidanmu ka ajiye masa a kan tebur, ka ce kakanka likitan soja ne mai muƙamin yuzbashi, saboda haka aikin gado ne a wurinka. Abokanka suka ce lalle ka gama wucewa. Ni kuwa shayin da ke hannuna sai da ya huce ban sha ba.

Kada ka yi haka, Babangida. Kakanka bai taɓa zama likita ba, kuma bai taɓa zama hafsa ba. Tauraron ba nasa ba ne. Ni na bar maganar nan ta girma a gidanmu tun kafin a haife ka, kuma gara ka ji daga gare ni da ka ji daga bakin hafsan da zai tambaye ka a wace makaranta kakan naka ya yi karatu, ka tsaya kana kallonsa.

Kakanka wanzami ne. Mutane suna kiransa Tanko Wanzami. Ya taso daga ƙasar Hausa da ƙafa da niyyar aikin hajji, da zabirarsa a kafaɗa, hanya ta tsayar da shi a Sudan. A lokacin ana yaƙi a bakin Nilu, sojan Masar suna hawowa. Suka ɗebi mutane don ɗaukar kaya, shi kuma da suka ga ya iya riƙe aska, jini ba ya firgita shi, sai suka miƙa shi ga likitansu, wani Bamisire da kowa yake kira Hakim Afandi, don hakim a bakinsu shi ne likita. Kakanka shi ne mai ɗaukar akwatin magani, mai tafasa ruwa, mai danne ƙafar wanda za a yanka. Idan hannun Hakim ya gaji, shi yake sa hantsakinsa ya zaro harsashi. Ko igiya ɗaya ba a taɓa ɗinka masa a hannun riga ba.

Kuskurena na farko shi ne ban saurare shi ba. A ƙauyenmu kusa da Sinnar, da rana yakan zauna a inuwa yana wasa aska yana ba da labarin yaƙin, ko akwai mai ji ko babu. Ni a lokacin kunyar zabirarsa nake ji, don yara suna ce mini ɗan mai ƙaho. Da ya fara sai in sulale in tafi bakin kogi. Abin da ya rage mini guntaye ne, kuma yanzu da na tsufa su nake ta juyawa a kaina.

Ga abin da na riƙe. A sojan nan ƙaramin hafsa shi ne mulazim, sai yuzbashi mai taurari uku, sai sagh, sai bimbashi. Hakim Afandi yuzbashi ne. Amma kakanka ya ce taurarin likita ba irin na sauran ba ne. Ana sara masa, yana cin abinci tare da hafsoshi, amma da ya fita daga tantin masu rauni ba shi da ikon ce wa ko soja ɗaya juya dama. Wata rana wani mulazim, yaron da gemunsa bai gama fitowa ba, ya zo ya kwance alfadarai biyun da ke ɗaukar kayan magani, ya ce harsashi za su ɗauka. Hakim ya tsaya da taurarinsa uku yana magana, yaron ya sara masa da ladabi ya ja alfadaran ya tafi. Kakanka ne ya ɗauki akwatin a ka kwana biyu.

Hawan muƙami ma haka. Hafsan yaƙi yana hawa da sauri idan ana yaƙi, don na samansa suna mutuwa, kuma wanda ya yi jarumta a gaban manya ana ganinsa. Su likitoci layinsu daban ne, gajere, ba ka gusawa sai na gabanka ya mutu ko ya ajiye aiki, kuma ba wanda yake zuwa tanti ya ƙirga ƙafa nawa ka ceta. Ga kuma likitocin Ingila da ake kawowa, samari, ranar da suka sauka ranar ake ba su bimbashi, su zauna a saman mutumin da ya girme su da shekaru. Mulazim ɗin nan mai alfadarai daga baya harsashi ya same shi a cinya, Hakim ya ɗinke shi. Bayan wasu shekaru ya dawo duba sansanin yana sagh. Hakim ya miƙe ya sara masa, da ya wuce sai ya juyo ya ce da kakanka: "Ka ga ɗinkina, ya Tanko? Da na yi shi sakwa-sakwa, da yau ba ni nake sara masa ba."

A nan Safiya ta tsayar da alƙalami ta tambaye ni, to idan likita ya ce wa bimbashi kwanta, bimbashi ya ce ba zai kwanta ba, maganar wa za a bi? Tambayarta ta tuna mini da abin da na manta. Kakanka ya ce akwai igiya da aka ɗaura a ƙofar tanti. Duk wanda aka kawo, aikin kakanka na farko shi ne ya cire masa riga ya rataye a igiyar, sannan a shiga da shi. A ciki babu mai sanin wane ne wane, sai a fara da wanda jininsa ya fi zuba. Wani babba da aka yanka a kunne ya taɓa yin faɗa a kan a fara da shi, Hakim ko kai bai ɗaga ba, ya ce a gaya masa muƙaminsa yana waje a kan igiya, idan yana so ya je ya zauna tare da shi. Ko wannan ne ya ƙara jinkirta hawansa, ban sani ba. Ban tambaya ba.

Abubuwa da yawa ban tambaya ba. Me ya sa aka ba mutum taurari aka hana shi umarni? Tsoro ake kada likita ya ce a fasa yaƙi don masu rauni sun yi yawa? Idan likita ya mutu a sansani, ana harba masa bindiga kamar sauran hafsoshi ko kuwa shiru ake binne shi? Shi Hakim ɗin yana da 'ya'ya? Mutumin da ya san amsa yana zaune a gabana yana wasa aska, ni ina can ina jifan kifi da dutse. Saboda haka idan ka je, kada ka tsaya ga malaman aji kawai. Za ka tarar da tsofaffin tumarji, masu wanke rauni da kwashe tasa, waɗanda suka daɗe a asibitin fiye da likitocin. Ka zauna kusa da su, ka tambaye su, kada ka ji kunyar a ce ba ka sani ba. Kuma ka bincika mini ko har yanzu taurarin likita ba sa ba da umarni, ka rubuto. Da gaske nake, ina so in sani kafin in mutu.

Tauraron kuwa ga yadda ya zo hannunmu. Bayan yaƙi ya lafa, zazzaɓi ya kashe likitan da ke gaban Hakim, sai aka ɗaga shi zuwa sagh, kansa duk ya yi fari. Da aka kawo masa sabuwar alama, ya zauna a bakin tanti ya ɓalle tsofaffin taurarin ya rarraba wa mutanensa. Mai dafa abinci ya samu, mai ɗebo ruwa ya samu, mai jan alfadari ya samu, kakanka ya samu. A zabira ya jefa shi tare da duwatsun wasa aska. Idan wani ya gani ya yaba, sai ya yi dariya ya ce har mai alfadari yana da irinsa.

Kuskurena na biyu a garin nan na yi shi. Bayan rasuwar kakanka na ƙetaro teku na ƙarasa hajjin da shi bai samu yi ba, na zauna. Ina saurayi, ba ni da kowa, ina kwana a ɗaki ɗaya da masu dako. Wata rana ina kwance ƙunshina tauraron ya faɗo. Wani dattijo ya ɗauka ya juya shi, ya tambaye ni na wane ne. Na ce na mahaifina, ya yi aikin magani a soja. Sai ya ce, ashe kai ɗan hakim ne. Kalma biyu ce za ta gyara maganar, in ce wanzami ne. Na yi shiru, don a ranar aka fara matsa mini wuri a tabarma. Kafin wata ya ƙare unguwa duka tana kirana Ɗan Hakim. Bayan shekara ni da kaina nake ƙara gishiri, har na ba shi muƙamin yuzbashi da farin doki.

Mutum ɗaya ne ya taɓa gane ni, wani alhaji tsohon soja daga Kano da ya sauka a gidan maƙwabcinmu. Ya karɓi tauraron, su a sojansu anini suke ce masa, ya tambaye ni ina sauran, tunda yuzbashi ba guda ɗaya yake sawa ba. Na ce sun ɓace a hanya. Ya dube ni ya miƙo mini, ya ce: "Allah sarki. Hanyar nan tana cin anini." Har ya hau jirgi ban sake bi ta ƙofar gidan ba.

Ka lura, ban fara da ƙarya ba, da shiru na fara. Idan wani ya ɗora maka girman da ba naka ba, ko ya kira ka dakta alhali kai ɗalibi ne, ka gyara masa nan take, kana murmushi. A ranar farko abu ne mai sauƙi. Ni ga shi sai da na kai ga rubuta takarda.

Kuskurena na uku ya fi su nauyi, don ba ni na biya ba. Ka san Malam Bello mai yatsa uku, wanda yake sayar da asuwaki a ƙofar masallaci. A da ɗan dako ne a mina, tashar jiragen ruwa, ƙaƙƙarfa. Waya ta yanke shi a tafin hannu, abokansa suka ce ba sai an je asibiti ba, ga Ɗan Hakim. Suka kawo shi wurina. Na sha ganin kakanka yana ɗinke rauni, amma daga nesa, ina sauri in tafi. Abin da ban tsaya na gani ba shi ne yadda yake tafasa allura da zare, da yadda yake daɗewa yana wanke raunin da ruwan gishiri kafin ya rufe shi. Mutane sun kewaye ni suna jira. Na kasa cewa ban iya ba. Na ɗinke hannun da dattin mina a ciki. Kwana huɗu ya kumbura kamar tulu, da aka kai shi asibiti sai da aka cire yatsu biyu. Dako ya ƙare masa. Har yau idan na wuce yakan ce, Ɗan Hakim, an fito? Yana cewa ƙaddara ce, wai da ba don ni ba da hannun duka ya tafi. Ban taɓa gyara masa ba.

Za a kawo maka mutane, Babangida, tun kafin ka iya komai, don kawai sun gan ka da farar riga. 'Yan unguwarmu ma idan ka zo hutu za su tare ka da ciwonsu. Abin da aka koya maka ka yi shi yadda aka koya maka, ko da ana ce maka yalla yalla, yi sauri. Abin da ba a koya maka ba ka ce ban sani ba, ka raka mutum wurin wanda ya sani. Kunyar minti ɗaya ce. Yatsa ba ya tsirowa.

Bayan abin da ya sami Bello ne na shiga wani asibiti a nan Jidda na koyi aikin tumarji da gaske, kuma na iya. Shekara goma sha ɗaya ina yi. Lokacin alhazai mukan wuni a tsaye, masu zafin rana da masu gudawa, kuma likitoci sukan kira ni idan jijiya ta ɓuya. Sai shugaban tumarji ya ajiye aiki. Kowa ya ɗauka ni ne. Aka ba wani yaro da ni na koya masa naɗa bandeji, saboda shi yana da takardar makaranta. Da safe ya ce mini in je in canza zanen gado na shida. Na cire rigar aiki na ninke na ajiye masa a gabansa, na ce halas, na gama. A zuciyata ina cewa ɗan yuzbashi ba zai karɓi umarnin wannan ba. Ka ji, ƙaryar da na yi wa mutane ni ma ta kama ni. Shi ya sa ka tashi ka gan ni ina gadin ƙofar sito, ba don na rasa abin da na iya ba.

Yanzu idan ina zaune a ƙofar siton nakan tuna Hakim Afandi. An kwance masa alfadarai, yaran da ya ɗinke sun hau kansa, baƙi sun zo sun zauna a samansa, bai ninke rigarsa ba. Kakanka kuma ko layin hawan ba a sa shi ba, amma bai ajiye akwatin ba. Ni da na ari sunan ɗaya na ɓoye na ɗayan, ban yi haƙurin ko guda a cikinsu ba. Za a wuce ka a soja, wannan babu shakka. Wani zai wuce ka don ya fi ka, wani don takarda, wani don ana ce mana Takari, baƙi 'yan ƙasar Hausa. Idan akwai hanyar kai ƙara ka kai, da ladabi, a rubuce. Amma kada ka bar marar lafiya a gado don haushin abin da ke kafaɗar wani.

A cikin ƙunshin da ke tare da takardar nan akwai abu biyu. Tauraron yana ciki, tunda na yi maka alkawarinsa, kuma kyauta ce ta gaskiya daga mutumin kirki. Ka ajiye shi a akwatinka da sunan mai shi. Ɗayan kuma ba ka taɓa gani ba, don a ƙasan adakata yake tun kafin in yi aure. Hantsakin kakanka ne. Baƙi ne, bakinsa ya ɗan karkace, wani maƙeri ne ya ƙera masa tun a gida. Idan babban likitan ya tambaye ka ko akwai mai aikin magani a danginku, wannan za ka ajiye masa a tebur. Ka ce kakana wanzami ne, ya yi wa likitan soja hidima a yaƙi, da wannan yake cire harsashi, kuma bai taɓa samun muƙami ba. Duk tambayar da ya yi maka bayan haka kana da amsarta, inda babu kuma ka ce mahaifina bai tambaya ba.

Idan ka ji haushina, kana da gaskiya. Sunansa ka ci, na kuwa hana ka saninsa shekara goma sha tara. Ba na roƙon ka yi saurin yafewa. Ka dai rubuto, ko layi biyu ne.

Innarku ba ta sani ba tukuna. Mahaifinta da ya ba ni ita Ɗan Hakim ya ba, kuma ka san duk jajibirin salla sai ta goge tauraron nan da toka da lemun tsami. Gobe idan motarku ta tashi muka dawo gida zan gaya mata da bakina. Ranar Juma'a kuma, in Allah ya kai mu, zan tsaya wurin Malam Bello.

Ka riƙe salla a kan lokaci. Sanyin Ɗa'ifa ba irin na Jidda ba ne, ka sa rigar da innarku ta saƙa ko abokanka za su yi dariya. Allah ya kai ka lafiya, ya haɗa ka da shugabanni masu adalci da abokai na gari. Allah ya sa albarka a hannunka, ya tsare shi daga cutar da bawansa. Allah ya jiƙan kakanka, ya jiƙan Hakim Afandi, ya dawo mana da kai lafiya. Amin.

Mahaifinka,
Idrisu.

Yaya, ni ce Safiya. Baba ya sa na karanta masa daga farko, bai ce a cire komai ba. Hantsakin ya yi tsatsa, na so in goge shi da toka kamar yadda Inna take yi wa tauraron, Baba ya ce in bari, wai kai za ka goge idan ka ga dama. Na naɗe shi a ƙyalle don kada ya huda maka riga. Idan ka sami amsar maganar taurarin likita, ka rubuto da Hausa, ni zan karanta masa. Allah ya tsare hanya.